Fayil ya ƙi rubutuwa: yadda za ka gane ko izini ne ko rumbun karatu-kawai

Tambaya ɗaya ce ke ta dawowa daga masu karatu da fuskoki daban-daban. Wani ya ce `ls -l` ya nuna yana da izinin rubutu, amma da ya zo adana fayil sai kwamfuta ta ƙi. Wani ya ce ya shiga a matsayin `root`, wato mai babban iko a kan kwamfutar, ya buga `chmod 777`, ko gezau. Na uku mai rubuta manhaja ne: manhajarsa ta tambayi tsarin ko za ta iya rubutu, a wuri ɗaya aka ba ta amsa, a wani wurin aka ba ta wata amsar daban, alhali fayil ɗin bai canza ba. Abin da ya haɗa su ukun shi ne sun ɗauki izinin fayil da yanayin rumbun da fayil ɗin ke zaune a kai a matsayin abu guda. Shinge biyu ne, kowanne da wurin da ake duba shi. Makullin ɗaki ba ya shigar da kai idan an garƙame ƙofar gidan gaba ɗaya.

Rumbu a nan shi ne tsarin da ke jera fayiloli a kan faifai, irin su ext4 da XFS da Btrfs, jonawa kuma aikin da umarnin `mount` ke yi. Misalan na Linux ne, sai dai ƙa'idar POSIX da za mu karanta ta shafi macOS da dangin BSD.

Kayan aiki

Ba abin da za ka saya. `findmnt`, `namei`, `lsblk`, `blockdev`, `nsenter` da `dmesg` suna cikin kunshin util-linux, wanda kusan kowane Linux ke zuwa da shi. `lsattr` yana cikin e2fsprogs. Waɗanda wataƙila sai ka sauke su ne `strace`, `getfacl` na kunshin acl, da `smartctl` na smartmontools. Kana bukatar ikon `sudo`, umarnin da ke gudanar da aiki da ikon `root`, a wasu matakan. Tsadar da ke cikin aikin nan ta bayanai ce: wanda ya tsallake mataki na 5 ya faɗa na 7 yana iya rasa abin da ke kan faifan.

1. Karanta saƙon kuskuren harafi da harafi

Maimaita aikin a taminal, ka kalli abin da ya fito. Saƙo uku ne ake yawan cakuɗawa:

- `Permission denied` shi ne EACCES, lamba 13. Izini ne ya hana.
- `Operation not permitted` shi ne EPERM, lamba 1. Aikin kansa ne aka haramta, sau da yawa saboda wata alama da aka sa wa fayil ɗin.
- `Read-only file system` shi ne EROFS, lamba 30. Rumbun ne ba ya karɓar rubutu.

Idan ka ga `No space left on device` ko `Input/output error`, matsalarka ta wani fanni ce, ko da yake na biyun yakan zo tare da EROFS idan faifai ya fara mutuwa.

Manhajoji masu taga da maɓallai sukan dunƙule duk waɗannan su ce "ba a iya adanawa ba". A nan `strace` ke amfani, domin yana nuna abin da kanel, wato zuciyar tsarin, ya mayar wa manhajar:

```
strace -f -e trace=file umarninka 2>&1 | grep -E 'EROFS|EACCES|EPERM'
```

Gargaɗi: kada ka gwada rubutu da `echo gwaji > fayil` a kan fayil mai muhimmanci. Idan aka yi sa'a rubutun ya wuce, alamar `>` ta share duk abin da ke ciki. Ƙirƙiri sabon fayil a foldar da `touch`, sannan ka goge shi.

2. Karanta abin da ƙa'idar ta ce, da abin da ta bari a buɗe

Ƙa'idar ita ce POSIX, mai lamba IEEE Std 1003.1. Ta fara fitowa a 1988, bugunta na baya-bayan nan na 2024 ne, kuma The Open Group ta sa ta a intanet kowa ya karanta kyauta. Buɗe shafin `access()`, wanda shi ne kiran da manhaja ke yi don tambayar "zan iya karanta, ko rubuta, ko gudanar da wannan fayil?" Ana ba shi `R_OK`, `W_OK`, `X_OK` ko `F_OK`. Namu shi ne `W_OK`.

Gangara zuwa sashen kurakurai. Za ka ga an raba shi gida biyu. Na farko yana ƙarƙashin `shall fail`, abin da dole ne tsarin ya gano ya kuma ƙi. Na biyu yana ƙarƙashin `may fail`, abin da aka bar wa tsarin zaɓi. EACCES yana gidan farko: lambobin izinin fayil ba su yarda ba, ko an hana ka ratsa wata folda a kan hanya. EROFS ma yana gidan farko: an nemi rubutu a fayil da ke kan rumbun karatu-kawai. ETXTBSY, na rubutu a kan manhajar da ke gudana a lokacin, yana gida na biyu, don haka kada ka gina komai a kan cewa zai zo.

Yawancin mutane a nan suke tsayawa, kuma ba nan gizo ke saƙar ba. Akwai wani sashe na gaba ɗaya mai suna Error Numbers, wanda ya shafi kowane kira. A can aka ce idan kuskure fiye da ɗaya ya faru a kira guda, ana iya mayar da kowanne daga cikinsu, domin ba a ƙayyade wanda za a fara ganowa ba. Jeren da ka gani a shafin `access()` na haruffa ne kawai, E-A kafin E-R, ba jeren fifiko ba.

Ga abin da wannan ke haifarwa. Fayil ne na wani, ba ka da izinin rubutu a kansa, kuma yana kan rumbun karatu-kawai. Tsarin da ya ce EACCES ya bi ƙa'ida. Wanda ya ce EROFS ma ya bi ƙa'ida. Saboda haka ganin `Permission denied` ba hujja ba ce cewa rumbun yana karɓar rubutu. Kana iya shafe awa kana gyara mallaka da izini, ka gama, sai EROFS ya fito daga bayansa. Wanda ya saɓa ƙa'ida shi ne tsarin da zai ce "eh, rubuta" a kan fayil na yau da kullum da ke kan irin wannan rumbu.

Sauran abu uku da ya kamata ka lura da su a rubutun. Na ɗaya, `access()` yana duba ainihin mai amfani da ya tayar da manhajar, shi kuwa `open()` yana duba wanda manhajar ke aiki da ikonsa a lokacin. A manhaja mai alamar setuid, wadda ke sa ta aiki da ikon mai fayil ɗinta, irin `passwd`, waɗannan biyun sun bambanta, don haka amsoshin ma za su bambanta. `faccessat()` tare da `AT_EACCESS` shi ne ke tambaya da ikon da ake aiki da shi. Na biyu, ƙa'idar ta ba mai babban iko damar tsallake lambobin izini, amma a maganar EROFS ba ta ware kowa ba. Shi ya sa `root` bai fi kowa ba a gaban rumbun karatu-kawai. Na uku, da ta zo fassara mene ne rumbun karatu-kawai, cewa ta yi rumbu ne mai wasu siffofi da ke taƙaita sauyi, kuma kowane tsari shi zai fayyace siffofin. A ganina wannan ne ya ba Linux filin abin da yake yi da fayiloli na musamman: na'urori irin `/dev/null`, da bututun FIFO, da soket, ana iya rubutu a cikinsu ko da suna kan rumbun karatu-kawai, tunda abin da aka rubuta ba a rumbun yake sauka ba. Fayil na yau da kullum, folda da mahaɗin symlink, wato fayil ɗin da ke nuni zuwa wani fayil, su ne ake hanawa.

Gargaɗi: ƙa'ida tana faɗa maka iyakar abin da za ka dogara da shi a ko'ina. Abin da kwamfutarka ke yi a zahiri yana cikin `man 2 access` na tsarinka. Karanta su biyun, kada ɗaya ya tsaya a madadin ɗaya.

3. Nemo rumbun da fayil ɗin ke kai, da yadda aka jona shi

Fara da warware duk wani mahaɗi, domin fayil ɗin da kake gani a `/var` yana iya kasancewa a wani faifai daban:

```
findmnt -T "$(realpath /hanya/zuwa/fayil)" -o TARGET,SOURCE,FSTYPE,VFS-OPTIONS,FS-OPTIONS
```

Kalli layukan tsaye biyu na ƙarshe. Kowanne zai fara da `rw` (karatu da rubutu) ko `ro` (karatu-kawai). `FS-OPTIONS` yanayin rumbun ne kansa, wanda ya shafi duk inda aka jona shi. `VFS-OPTIONS` yanayin wannan majonar ce kaɗai. Rumbu ɗaya yana iya zama `rw` a kansa, an jona shi a wuri biyu, ɗaya `rw` ɗaya `ro`. Idan ɗaya daga cikin biyun ya ce `ro`, rubutu ba zai wuce ta wannan hanyar ba. Rubuta wanne ne a takarda, domin gyaransu ba ɗaya ba ne.

Gargaɗi: `/etc/fstab` niyya yake nunawa, abin da aka so a yi lokacin kunna kwamfuta. Halin da ake ciki yanzu yana `/proc/self/mountinfo`, kuma daga can `findmnt` ke karantawa.

Gargaɗi na biyu, kuma shi ya fi cin mutane: abin da kake gani a taminal ɗinka ba lallai ne shi manhajar ke gani ba. Linux yana ba kowace manhaja damar samun nata jerin majonai. Sabis, wato manhajar da ke aiki a bayan fage, da systemd mai kula da sabis-sabis ke gudanarwa da `ProtectSystem=strict` yana ganin dukkan bishiyar fayiloli a matsayin karatu-kawai, ban da `/dev` da `/proc` da `/sys` da wuraren da aka buɗe masa. Da `full` kuwa `/usr` da `/boot` da `/etc` ne ake rufewa. Kai kana rubutu lafiya lau a foldar, sabis ɗin yana kukan EROFS. Haka kwantenar Docker, wato keɓaɓɓen wurin gudanar da manhaja, da aka tayar da `--read-only`, ko aka ba ta folda da `:ro` a ƙarshe, haka kuma `readOnlyRootFilesystem` a Kubernetes. Sai ka duba da idon manhajar, ta lambar da tsarin ya ba ta yayin da take gudana (PID), ka sa ta a gurbin LAMBA:

```
sudo nsenter -t LAMBA -m findmnt -T /hanya/zuwa/fayil
systemctl show sunan.service -p ProtectSystem -p ProtectHome -p ReadOnlyPaths -p ReadWritePaths
```

Idan kwantenar ba ta da `findmnt` a ciki, karanta `/proc/LAMBA/mountinfo` daga waje.

Akwai kuma inda duka biyun za su ce `rw` amma EROFS ya ci gaba da zuwa. A Btrfs, hoton rumbu (snapshot, kwafin yanayinsa na wani lokaci) da aka ɗauka a matsayin karatu-kawai yana ƙin rubutu ko da majonar `rw` ce. Duba da `btrfs property get /hanya ro` a kan tushen wannan sashen. A NFS, inda foldar ke kan wata kwamfuta mai suna saba ana jona ta ta hanyar sadarwa, sabar ce ke iya fitar da foldar a `ro`, kai ka jona a `rw`, amsar ƙin kuma daga can take tahowa. A sababbin kanel, ext4 da ya rufe kansa saboda lalacewa yana iya nuna `emergency_ro` a cikin zaɓuɓɓukansa, don haka karanta layin har ƙarshe.

4. Gwada da hannunka a wurin da ba abin da zai lalace

Wannan matakin ba dole ba ne ga mai gaggawa, amma ina roƙon duk mai rubuta manhaja ya yi shi sau ɗaya. Minti kaɗan ne, a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta yake faruwa, bai taɓa faifai ba.

```
mkdir /tmp/a /tmp/b
sudo mount -t tmpfs -o mode=755 tmpfs /tmp/a
sudo touch /tmp/a/f
sudo chmod 644 /tmp/a/f
sudo mount --bind /tmp/a /tmp/b
sudo mount -o remount,bind,ro /tmp/b
```

Yanzu kana da fayil ɗaya na `root`, ana ganinsa ta `/tmp/a` mai karɓar rubutu da `/tmp/b` mara karɓa. A matsayinka na mai amfani na yau da kullum, buga wannan ka kalli layin da ke ɗauke da `W_OK`:

```
strace -e trace=file /usr/bin/test -w /tmp/b/f
```

EACCES za ka gani. Maimaita da `sudo` a gaba, sai ya koma EROFS. Yanzu rufe rumbun kansa da `sudo mount -o remount,ro /tmp/a`, ka sake na farkon ba tare da `sudo` ba. Wannan karon EROFS ne, ga mutumin da ɗazu aka ce wa EACCES, a kan fayil ɗin da ba a taɓa izininsa ba.

Dalilin yana cikin jeren binciken Linux. Idan rumbun kansa ne `ro`, kanel yana ganin haka tun kafin ya kalli lambobin izini. Idan majonar ce kaɗai `ro`, `access()` sai ya gama binciken izini tukuna, in an wuce, sannan ya dubi majonar. Duka biyun halal ne a ƙa'ida, saboda abin da muka karanta a mataki na 2.

Har a cikin `open()` jeren yana sauyawa. Mayar da `/tmp/a` zuwa `rw` da `sudo mount -o remount,rw /tmp/a`, sannan ba tare da `sudo` ba ka gwada `echo x > /tmp/b/f` da `echo x >> /tmp/b/f`. A Linux na yanzu na farkon yana faɗuwa da `Read-only file system`, domin share abin da ke cikin fayil yana sa kanel ya nemi damar rubutu a majonar tun da wuri. Na biyun yana faɗuwa da `Permission denied`. Idan ka gama, `sudo umount /tmp/b /tmp/a`.

Gargaɗi: na rubuta `/usr/bin/test` da cikakkiyar hanya da gangan. `test` da `[` da kake bugawa kullum na cikin shel ne, wato manhajar da ke karɓar umarninka a taminal, kuma ba duk shel ke tambayar kanel ba. Akwai masu duba lambobin izini da kansu su yanke hukunci, waɗanda za su ce wa `root` "eh" a kan rumbun da ba ya rubutuwa. Har wasu littattafan `test` na dangin BSD sun ja kunne cewa `-w` na iya cewa gaskiya ne alhali fayil ɗin ba zai rubutu ba a rumbun karatu-kawai.

5. Gano abin da ya sa rumbun ya zama karatu-kawai

Kada ka taɓa komai kafin ka amsa wannan. Dalilan kashi huɗu ne.

Akwai rumbun da haka aka halicce shi. Idan `FSTYPE` ya ce `squashfs`, `iso9660` ko `erofs`, ba umarnin da zai sa ya karɓi rubutu. Kunshin snap na Ubuntu squashfs ne, faifan CD kuma iso9660.

Akwai wanda aka rufe da gangan: saitin systemd da na kwantena da muka gani, ko `ro` a `/etc/fstab`, ko ɓangaren tsarin macOS, wanda Apple ta mayar karatu-kawai tun Catalina a 2019. Wanda ya rufe yana da dalili, kuma yawanci tsaro ne.

Akwai wanda na'urar ce ta ƙi. `lsblk -o NAME,RO,MOUNTPOINT` zai nuna 1 a ƙarƙashin `RO`, haka ma `sudo blockdev --getro /dev/sdb`. Katin SD yana da ɗan makulli a gefe da ke zamewa ba ka sani ba. Filas da SSD da suka tsufa wasunsu kan kulle kansu don kare abin da ya rage. Kusa da wannan akwai ɓangaren NTFS da Windows ta bari a rabin barci saboda saurin kunnawa, wanda Linux kan jona a `ro` don kada ya ɓata shi. Maganinsa a koma Windows a kashe ta cikakken kashewa.

Na huɗu shi ne mai haɗari: rumbun yana `rw` jiya, yau ya koma `ro` da kansa. Duba:

```
sudo dmesg -T | grep -iE 'remount|read-only|readonly|I/O error|EXT4-fs error'
```

A ext4 da aka jona da `errors=remount-ro`, wanda Debian ke sa wa tushen rumbu tun wurin girkawa, kanel yana rufe rubutu da zarar ya ga lalacewa, ya rubuta `Remounting filesystem read-only`. Btrfs yana cewa `forced readonly`. XFS nasa salon daban ne, yakan dakatar da rumbun gaba ɗaya ka riƙa ganin `Input/output error`. Idan ka ga irin waɗannan layukan, kanel kare ka yake yi. Duba lafiyar faifan da `sudo smartctl -a /dev/sda`, ka sa sunan naka faifan.

Gargaɗi: idan wannan kashi na huɗu ne, kwashe muhimman fayilolinka zuwa wani faifai yanzu, tun rumbun yana karantuwa, kafin ka sake kunna kwamfutar. Ba kowane faifai ne ke dawowa bayan an kashe shi ba.

6. Idan rumbun lafiya yake, bi izini daga tushe

Wannan ga wanda mataki na 3 ya nuna masa `rw` ko'ina, saƙonsa kuma EACCES ne ko EPERM. Buga `id` ka san ko kai wane ne a idon tsarin, ko kuma wane mai amfani ne sabis ɗin ke gudana da sunansa. Sannan `namei -l /hanya/zuwa/fayil`, wanda ke jero kowace folda a kan hanya da izininta. Folda ɗaya da ba ka da `x` a kanta ta isa ta tare ka. Ka tuna ƙirƙira da gogewa da sauya suna izinin foldar suke bukata, `w` da `x`, ba na fayil ɗin ba.

Alamar `+` a ƙarshen izini a `ls -l` tana nufin akwai ƙarin jerin izini, sai `getfacl`. Idan saƙon EPERM ne, `lsattr fayil`: harafin `i` yana hana kowa sauya fayil ɗin har `root`, harafin `a` yana barin ƙari a ƙarshe kawai. Mai `a` ɗin yana da wayo, domin `access()` zai ce ana iya rubutu, `open()` kuma ya ƙi sai an buɗe da `O_APPEND`. Idan komai ya yi daidai amma EACCES bai tafi ba, saura ƙarin shingen tsaro na SELinux ko AppArmor, sai `ls -Z` da `sudo ausearch -m avc -ts recent`. A NFS kuma `root_squash` yana mayar da `root` ɗinka ba kowa ba a wurin saba.

Gargaɗi: `chmod -R 777` ba ya buɗe rumbun karatu-kawai, shi kansa da EROFS zai faɗi. Inda ya yi aiki kuma ya buɗe wa kowa fayilolinka, har `ssh` da `sudo` suna ƙin aiki idan izinin fayilolinsu ya yi sako-sako.

7. Gyara gwargwadon dalilin

Idan saitin sabis ne, buɗe masa foldar da yake bukata kaɗai. `sudo systemctl edit sunan.service`, ka sa `ReadWritePaths=/var/lib/wurinka` a ƙarƙashin `[Service]`, ka sake tayar da sabis ɗin. Kada ka cire `ProtectSystem` gaba ɗaya saboda folda guda. A kwantena ma haka, ba ta folda mai rubutuwa ko `--tmpfs /tmp`.

Idan majona ce kaɗai, `sudo mount -o remount,bind,rw /majona`. Idan rumbun ne aka jona a `ro` da gangan kuma `dmesg` bai nuna wata lalacewa ba, `sudo mount -o remount,rw /majona`, sannan ka gyara `/etc/fstab` in kana son abin ya ɗore.

Idan lalacewa ce, bayan ka kwashe bayananka, cire rumbun da `umount` ka gudanar da `fsck` a kansa, ko `xfs_repair` ga XFS. Tushen rumbu ba ya ciruwa kana kansa, sai ka tashi kwamfutar daga filas mai ɗauke da Linux. Idan `smartctl` ya nuna faifan yana mutuwa, kwafe shi da `ddrescue` zuwa sabo ka yi gyaran a kan kwafin.

Gargaɗi: kada ka gudanar da `fsck` mai gyara a rumbun da ke jone a `rw`, kuma kada ka tilasta `remount,rw` a rumbun da kanel ya rufe saboda lalacewa. Kowane rubutu a kan tsarin da ya karye yana iya ƙara faɗin ɓarnar.

8. Ga mai rubuta manhaja

Kada ka tambaya sannan ka buɗe. Buɗe kawai, ka kama kuskuren. Tsakanin `access()` da `open()` rumbu na iya rufewa, wani kuma na iya musanya fayil ɗin da mahaɗi zuwa wani wuri, wanda tsohuwar ƙofar kutse ce a manhajoji masu setuid. `access()` yana da amfani wajen abin da bai kai hukunci ba, kamar dusashe maɓallin adanawa.

Kama EACCES da EPERM da EROFS duka ukun, kada ka jingina da wanda zai fara zuwa. A Python akwai tarko: `PermissionError` yana rufe EACCES da EPERM ne kawai, EROFS kuwa a matsayin `OSError` yake zuwa, don haka `except PermissionError` zai bar shi ya wuce ya kayar da manhajar. `os.access` kuma eh ko a'a kawai yake bayarwa, ba ya faɗin dalili.

```
import errno
try:
    f = open(hanya, "a")
except OSError as e:
    if e.errno == errno.EROFS:
        print("Rumbun ba ya karɓar rubutu:", hanya)
    elif e.errno in (errno.EACCES, errno.EPERM):
        print("Babu izinin rubutu:", hanya)
    else:
        raise
```

Idan ainihin tambayarka ita ce ko rumbun karatu-kawai ne, yi ta kai tsaye da `statvfs()`, ka duba `ST_RDONLY` a cikin `f_flag`. Wannan yana cikin POSIX, kuma a Linux yana kama rufin rumbu da na majona, ko da yake ba ya ganin rufin da ke can wurin sabar NFS. Yana da kyau ka kira shi bayan EACCES, don ka gaya wa mai amfani cewa shinge biyu ne a gabansa.

Mai amfani da `faccessat()` da `AT_EACCESS` ya duba shekarun tsarinsa. Kanel bai karɓi wannan alamar da kansa ba sai da `faccessat2` ya shigo a Linux 5.8, a 2020, glibc kuma, laburaren C da manhajoji ke bi ta kansa zuwa kanel, ta fara amfani da shi daga 2.33. Kafin nan laburaren ne ke kwaikwayon binciken ta hanyar karanta lambobin izini a wasu yanayi, kuma kwaikwayon ba ya la'akari da ƙarin jerin izini. A tsohuwar saba amsarsa na iya saɓa wa abin da `open()` zai yi.

Buɗewa lafiya ma ba ta gama magana ba. Rumbu na iya rufewa bayan ka riga ka buɗe fayil, kuskuren ya zo a `write()`, ko ya jira sai `fsync()` ko `close()`, musamman a NFS. Duba abin da kowannensu ya mayar, kuma kada ka nuna wa mai amfani "an adana" sai `fsync()` da `close()` sun dawo ba kuskure.